Allon Zadrugar Lovre

A ƙauyenmu na Vala da ke kan tsibiri, idan baƙo ya tambayi wanda ya fi kowa sanin kasuwanci, za a nuna masa Lovre, amma sai an gama dariya tukuna. Lovre ya taɓa zama a Jamus yana saurayi. Waɗanda suka raka shi tashar jirgin fito sun ce ba su gama kewarsa ba ya dawo, kuma aikin da ya yi a can wankin tukwane ne a bayan wani gidan abinci. A bakinsa kuwa zaman nan kullum ƙara tsawo yake yi, har ta kai yanzu shi ne ya koya wa Jamusawa yadda ake jera kaya a kanti. Ka ce masa yau ana zafi, sai ya gaya maka yadda ake tafiyar da zafi a Jamus.

A saman tudu akwai zadruga, wato ƙungiyar gama kai ta masu gonakin zaitun. Kowa ya kai amfaninsa a matse mai, a sayar tare, a raba abin da aka samu. Dinko, yayan Perina matar Lovre, shi ne shugabanta. Lovre ɗan ƙungiya ne kamar kowa, kuma wannan “kamar kowa” ɗin shi ne ciwon da ke cin sa. A wani taro ya kawo shawarar a riƙa ɗiga turaren lavanda a cikin man zaitun, wai haka Jamusawa suke so. Aka ɗaga hannu, ya samu ƙuri'a ɗaya, tasa. Ya miƙe ya ce babu adalci a ce mutumin da ya ga duniya yana da ƙuri'a ɗaya daidai da wanda bai taɓa wuce bakin ruwa ba, aƙalla a ba shi uku. Aka ɗaga hannu a kan wannan ma, ya sake samun ɗaya.

Daga wurin taron bai zame ko'ina ba sai dandali, inda tsofaffi ke buga kati a inuwa. Ya hau kan dakalin rijiya ya rantse a gaban kowa cewa zai kafa tasa zadrugar, da sunansa ɓaro-ɓaro a kan allo, shi ne shugaba, abin da ya faɗa shi ne ƙarshe, kuma za a buɗe ta ranar bikin Waliyyi Roko, kowa yana kallo. Dinko, wanda ya biyo shi a hankali yana ɓare lemo, ya yi masa fatan alheri, ya tambaye shi da su wa zai yi tarayyar.

“Da kaina, suruki,” in ji Lovre. “Kan da ke wuyan nan ya fi taronku duka.”

“Girma dai ya fi, wannan kam ba musu.”

Lovre ya riga ya gano sirrin, a ganinsa. Ya daɗe yana lura da baƙi masu yawon buɗe ido: su sauko daga jirgi, su wuce shagunan bakin ruwa, su hau tudu suna haki da gumi, don kawai an rubuta zadruga a jikin bangon can. Ya gaya wa Perina cewa ba mai suke saye ba, kalmar suke saye, kuma kalma ba ta da mai ita. Perina tana jera ɓaure a kan shanya ta ce to. Shekarun aurensu sun koya mata cewa musu da Lovre ƙara masa mai ne. Ta ba shi ɗakin ajiya na ƙasa, wanda marigayi mahaifinta ya bari, mai kallon tashar jirgi, da sharaɗi guda: kada ya taɓa mata shanyar ɓaure.

Allon da ya haɗa da katakon wani tsohon kwalekwale ya fi ƙofar shagon faɗi. Ya yi masa farin fenti, ya rubuta ZADRUGA da shuɗi, a ƙasa LOVRE da ja, kuma jan ya ɗan fi shuɗin girma. Da za a ɗora shi sai ya nemo Tonko mai kaɗa ƙararrawar coci, tunda duk Vala ba wanda ya kai shi sanin igiya. Abin da Lovre bai yi tunani ba shi ne, tun Tonko yana yaro hannunsa abu ɗaya ya iya da igiya: ya ja, ya saki. Lovre yana saman tsani yana ba da umarni da Jamusanci, allo ya yi sama, ya dawo ƙasa, ya sake yin sama. A dawowa ta uku ya daki tsanin. Lovre ya tafi ta baya a hankali, yana riƙe da tsanin kamar zai cece shi, ya sauka a tsakiyar shanyar ɓauren Perina.

Mande da Vinka, zawarawa biyu 'yan uwan juna da tagarsu ke kallon shagon, sun ga komai tun daga farko. Kafin Lovre ya gama ɓanɓare ɓaure daga wandonsa labari ya isa saman tudu. Shi kuwa ya gaya wa waɗanda suka taru cewa da gangan ya yi, yana gwada ƙarfin igiyar ne.

Allo dai ya hau, Lovre bai jira ranar Roko ba ya fara ciniki, kuma abin haushi, dabarar ta fara ci. Baƙi suka riƙa tsayawa suna sayen mai da zuma. Lovre ya fara tafiya hannu a baya, yana gaishe da mutane da haɓa.

Wata safiya wata mata ta shigo da malafa da baƙin tabarau. Lovre ya tare ta da Jamusancinsa na bayan gidan abinci, ta amsa masa da harshenmu, ya yanke a ransa cewa 'yar birni ce mai kuɗi. Ya zuba mata mai a kan burodi, ya ba ta tarihin rayuwarsa. Ta yaba man, ta tambaye shi 'yan ƙungiyar su nawa ne. Ya buga ƙirji ya ce ga su nan duka a gabanta. Ta tambayi yaushe suke taro.

“Kullum da safe, a gaban madubi, ina aski,” in ji shi. “Ba a taɓa samun saɓani ba.”

Matar ta yi dariya har da cire tabarau, sannan ta nuna masa katin aikinta. Sunanta Zrinka, daga ofishin da ke duba shaguna. Ta yi masa bayani cikin ladabi, wanda ya fi faɗa ciwo. Kalmar zadruga ba ado ba ce da kowa zai rataya a ƙofa. Doka ta keɓe ta ga ƙungiyar da aka yi wa rajista, domin duk wanda ya gan ta yana saye ne da yardar cewa masu noman su ne masu wurin. Sai mutum bakwai aƙalla, kowa da ƙuri'a ɗaya, su yi taron kafawa, su zaɓi shugaba da suna. In ba haka ba, ya goge kalmar, ko a rufe shagon a ci shi tara. Ta ce za ta dawo ranar Roko, dama tana da inna a ƙauyen, sai ta ga abin da ya zaɓa. Ta sayi kwalba ɗaya ta tafi.

Da yamma Lovre ya sanar a dandali cewa an turo wata babbar jami'a ta koyi tsarinsa. Ba wanda ya musa. Mande da Vinka sun riga shi zuwa.

Goge kalmar ba ya cikin lissafi, don Dinko zai gani daga saman tudu. Neman mutane shida kuwa komawa gidan jiya ne. Sai ya kawo dabarar da ya ce ko a Jamus ba su kai gare ta ba: labule. Ya ɗauko mayafin tebur na saƙar hannu da Teta Filomena, surukarsa, ta saƙa wa Perina na aure, ya rataya shi a sanda a saman allon, ya zuro igiya har bayan kanta. Idan jami'i ya sauko daga jirgi, a saki labule ya rufe kalmar. Idan ya wuce, a ɗage.

Matsalar ita ce, ga mai tsoro duk wanda ya riƙe jaka jami'i ne. Ya saki labule saboda likitan haƙori. Ya saki saboda mai gyaran firji. Ya saki saboda wata sista da ta zo ziyarar coci, wai tafiyarta ta hukuma ce. Labule ya wuni yana hawa da sauka, baƙi suka taru suna ɗaukar hoto, sun zaci wata al'adar tsibiri ce, ba wanda ya shiga ya sayi komai don kada ya rasa kallo. Masu kati suka kwashe teburinsu daga dandali suka dawo gaban shagon, suna caca a kan wa za a rufe wa na gaba.

Ana cikin haka iskar arewa ta taso. Ta cika mayafin, ta tsinke shi daga sanda, ta wuce da shi saman kawunan mutane, ta laƙaba shi a jikin sandar tutar jirgin fito daidai lokacin da yake barin tasha. Duk Vala ta tsaya tana kallon kayan auren Perina suna tafiya birni suna ɗaga mata hannu. Perina ma tana kallo daga tagar sama. Daga ranar Lovre ya yi kwanaki yana cin busasshen burodi da man shagonsa. Da mayafin ya dawo, da tabon baƙin mai a tsakiya, matuƙin jirgin ya ce wata mata mai malafa da ke hanyar wani tsibiri ce ta taya su kwance shi, kuma ta ce a gaishe da shugaba.

Daga nan Lovre ya ce to, mutum bakwai suke so, zai ba su bakwai, amma shi zai zaɓo su. Ya zauna ya tace ƙauyen kaf yana neman waɗanda ba su taɓa yi masa musu ba. Barba Bepo, tsohon masunci, kunnensa ya daɗe da yin ritaya, duk abin da aka faɗa gyaɗa kai yake yi. Tonko bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Mande da Vinka, a ganin Lovre, in dai akwai kofi da gulma ba ruwansu da duniya. Perina kuwa matarsa ce, ya ce wannan a aljihunsa take. Da shi, shida ke nan. Ya yi musu alkawarin shi zai biya kuɗin shiga na kowa, su dai su zauna su yi kyau.

Na bakwai ne ya gagara, don sauran duk suna wajen Dinko. Ya je wurin lauyan da ke shaida takardu a garin da ke tsallaken tudu, ya karanto masa sunaye, ya saka na marigayi surukinsa a ƙarshe da sauri, yana tari. Lauyan ya ɗago kai ya dube shi ta saman tabarau, ya ce shi ne ya ɗauki akwatin gawar ta ɓangaren hagu, har yau kafaɗarsa ba ta daina ciwo ba, in kuma marigayin ya dawo to a fara kawo shi ya ba shi haƙuri.

Ba yadda ya iya, ya sayi kek ya nufi gidan Teta Filomena. Ya same ta a ƙofa tana gyaran wake. Ta dubi kek ɗin, ta dube shi, ta tambaye shi ko wani mayafin yake nema.

“Haba Mama, girmamawa ce na kawo miki. Ina so sunanki ya shiga cikin waɗanda suka kafa. Ba abin da za ki yi, zama kawai.”

“Da ƙuri'a?”

“'Yar ƙarama. Ta ado.”

“Ana taro?”

“Sau ɗaya tak, ranar Roko. Kafin kofinki ya huce an gama.”

Tsohuwa ta ajiye kwanon wake a hankali, ta goge hannu a zaninta, ta ce ta yarda. Lovre ya fito yana fito da baki, yana yaba wa kansa iya magana. Bai ga yadda idonta ya kawo haske ba.

A nan ne ya yi kuskuren da baƙo ma ba zai yi ba, balle ɗan gari. Tsofaffin nan a zamanin tsohuwar gwamnati suka girma, lokacin da ko akuya ba a saya wa gonar tarayya sai an zauna taro an ɗaga hannu. A lokacin sun tsani taron, suna zaginsa a hanyar gida. Amma zamani ya juya, gonakinsu suka koma hannun 'ya'ya, shekaru suka wuce ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu ko a kan gishirin miya. Kewar taro ta yi musu katutu ba su sani ba. Ita Teta Filomena ma ita ce sakatariyar tsohuwar zadruga a zamaninta, kuma har yau akwai dattawan da in sun ji ta yi gyaran murya sai su gyara zama.

Washegari da Lovre ya zo buɗe shago ya tarar da Mande da Vinka sun kafa kujeru a bakin ƙofa, da tukunyar kofi. Suka ce sun zo duba dukiyarsu. Barba Bepo ya gangaro da ganga ta kifin sadin mai gishiri ya ajiye a tsakiyar shagon, warinta ya kori turaren lavandar da Lovre ya fesa. Lovre ya yi masa ihu a kunne cewa a fitar da ita, Barba Bepo ya gyaɗa kai da fara'a, ya koma gida ya kawo ta biyu. Tonko ya kawo cukun awakinsa. Teta Filomena ta sauke hoton Lovre na Jamus daga bango, ta rataya saƙarta a ƙusar. Duk wanda ya yi wa magana sai ya ce masa a bari sai ranar taro.

Abin da ya fi ƙona masa rai, ciniki ya ninka. Baƙi suna son tsofaffin, suna zama shan kofi, suna fita da kifi da cuku da saƙa. Lovre ya gaya wa masu kati cewa duk cikin tsarinsa ne, a Jamus ana kiran wannan jawo kasuwa da kakanni. Ya ƙudura a ransa cewa ranar Roko zai nuna wa kowa mai gida. Don haka ma ya ce ba a cikin shago za a yi taron ba, a bakin ruwa za a yi, a fili, bayan an gama zagayawa da mutum-mutumin waliyyi, Dinko da mutanensa su zo su koyi yadda ake mulki.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Aka fito da mutum-mutumin waliyyi aka zaga gari, aka mai da shi coci, masu bushe-bushe suka zauna a inuwa, ƙamshin gasasshen rago ya cika tasha. Aka shimfiɗa dogon tebur a ƙarƙashin allon, kujeru bakwai. Fada, limamin coci, ya zo, Dinko ya zo da lemonsa, Zrinka ta zo riƙe da hannun innarta. Lovre ya fito cikin kwat ɗin da ya dawo da ita daga Jamus, wadda maɓallanta suka daɗe da yanke zumunci da ramukansu.

Ya buɗe baki ya fara jawabi daga ranar da aka haife shi. Bai kai shiga makaranta ba Teta Filomena ta yi gyaran murya, ta ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. Ta ce taro ba ya farawa sai an zaɓi mai jan ragamarsa. Vinka ta ce ta kawo sunan Filomena, Mande ta goyi baya, hannaye suka tashi kafin Lovre ya rufe baki. Barba Bepo, wanda aka ɗauko don gyaɗa kai, ashe ya san aikin da ido: hannun Filomena kawai yake kallo, in ya tashi nasa ya tashi.

Tsohuwa ta gyara zama ta kafa doka: mai son magana ya ɗaga hannu, a ba shi dama. Lovre ya ce shi ne mai wurin, ba ya neman izini a ƙofar shagonsa. Ta ce ba a ba shi dama ba, ba a ji ba. Ya ƙara ɗaga murya, ta ƙwanƙwasa kofi, jama'a suka yi dariya, aka wuce.

Aka yi muhawara a kan inda gangar kifi za ta zauna. Aka yi a kan ko a riƙa ba baƙi kofi kyauta. Mande da Vinka, waɗanda gida ɗaya suke kwana, suka rabu gida biyu a kan lokacin buɗe shago, kowacce ta yi jawabi, suna jin daɗi kamar an mai da su 'yan mata. Tonko, wanda bai taɓa cewa a'a ba, ya gano daɗinta a ranar, ya ƙi amincewa da abu uku a jere, fuskarsa tana sheƙi. Lovre yana ta tsoma baki, kofi yana ta ƙara, rago yana ta hucewa.

Da aka zo zaɓen shugaba, Lovre ya miƙe ya kawo sunan kansa. Teta Filomena ta ce duk da bai nemi dama ba za a yi masa alfarma, masu goyon baya su ɗaga. Hannunsa ya tashi shi kaɗai. Ya dubi Tonko, Tonko yana nazarin gajimare. Ya dubi zawarawan, suna gyaran ɗankwali. Sai ya juya ga Perina, ya sassauta murya.

“Perina, ke ma?”

“Na zaɓe ka sau ɗaya a coci, Lovre,” ta ce. “Ban yi nadama ba, amma ya isa.”

Dariyar da aka yi har masu bushe-bushe sai da suka ajiye kayansu. Mande ta kawo sunan Perina, ta ce shekara da shekaru ita ke tafiyar da Lovre, shago ba zai gagare ta ba. Hannaye shida suka tashi, har da na Perina, wadda ta ɗaga nata ba kunya ba rawar jiki. Dinko ya taso ya sumbaci ƙanwarsa a kumatu biyu, ya miƙa wa Lovre ɓarin lemo.

Gaskiya abin ya yi wa Lovre ciwo. Ya zauna kwat ɗinsa a buɗe, kunnuwansa sun yi ja, ya ɗaga kai ya dubi allon. Shugabanci ya tafi, amma sunan yana nan da jan fenti, kuma duk wanda ya sauko daga jirgi shi zai fara karantawa. Da wannan kaɗai ma zai iya shiga dandali. Yana wannan tunanin sai ya ji Vinka tana cewa saura maganar suna, kuma a ganinta tunda ranar Roko aka kafa ta, a sa mata sunan waliyyi, a cire na mutum. Fada ya gyaɗa kai yana murmushi.

Lovre ya zabura zai yi ihu, ya ga cokali ya riga ya tashi sama da kofi. A karon farko a ranar ya haɗiye ihunsa, ya ce bari ya bi dokarsu ya kashe su da ita, yana da jawabin da zai sa har Fada ya yi kuka. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu sama iya tsawonsa, har kwat ɗin ta yage a hammata. Daidai lokacin Teta Filomena, idonta a kan tebur, take cewa masu goyon bayan a cire sunan Lovre su ɗaga hannu.

Ta ɗago ta bi su da cokali ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a kansa.

“Bakwai,” ta ce. “Ba mai adawa. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ban zaci haka daga gare ka ba.”

Jama'a suka ɓarke da tafi. Fada ya zo ya kama hannun nan da ke sama ya girgiza, ya ce irin wannan tawali'u sai ya shiga huɗubar Lahadi. Zrinka ta taya shi murna, ta ce yanzu da zarar an kai takardu kalmar ta zauna daram, ba mai taɓa ta. Lovre ya ce shi fa magana ya ɗaga hannu zai yi. Surukarsa ta ce ai ga dama an ba shi. Ya dubi Fada da ke riƙe da hannunsa har yanzu, ya dubi mutanen gari suna yi masa tafin da bai taɓa samu ba tun da aka haife shi. Daga ƙarshe ya ce dama yana so ne ya ce a ci ragon kafin ya sandare.

Sabuwar shugaba ba ta ɓata lokaci ba. Kafin a gama cin nama ta miƙa masa gwangwanin farin fenti da burushi, ta ce wanda ya rubuta shi ya san yadda zai goge, ta kuma tsaya da kanta ta riƙe masa ƙafar tsani. Masu bushe-bushe suka tashi, aka fara rawa a bakin ruwa, Lovre yana sama yana shafe jan fenti a hankali, yana jan hanci, wai warin fenti ne.

Ya kusa gamawa sai ga wasu baƙi, mata da miji, sun tsaya a ƙasa suna kallo. Mijin ya tambaya da Jamusanci sunan wa ake gogewa. Lovre ya leƙo, ya gyara yagaggiyar kwat ɗinsa, muryarsa ta dawo daidai.

“Wani ne da ba ya jin shawara,” ya ce. “Ya so ya mai da ƙungiya tasa shi kaɗai. Sai da na sa hannu da kaina aka iya cire shi.”